Kwamfutar da Baba Mai Rediyo Ya Zaɓa

"Ba wannan ba. Sauko mana da 'yar mitsitsiyar can."

Baba Mai Rediyo ne ya faɗa, yana nuni da bakin sandarsa can saman kanta. Mai shagon ya dubi tsohon, ya dubi Sakatariya da ke tallabe da kafaɗarsa, sannan ya dafa ƙatuwar kwamfutar da ya riga ya dire musu a gaba.

"Baba, aikin ofis fa kuka ce. Ga ta ofis nan. Dubi jiki."

"Na ga jiki. Ni ma da ina da shi. Sauko da ita."

Sakatariya ta danne dariya, amma hankalinta ba a kwance yake ba. Nauyin tsohon da take ji a hannunta bai fi na yaro ɗan firamare ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da nasa. Da rediyo ya fara gyara tun yana saurayi, ya koma talabijin, da zamani ya juyo ya koya wa kansa kwamfuta da furfurarsa, amma sunan farko bai sake shi ba. Wata huɗu da suka wuce ciwon zuciya ya kayar da shi. Makon jiya likita ya sallamo shi ya ce a je gida a huta, kuma babu wanda bai gane irin wannan sallama ba a layin.

Jiya Litinin ne kwamfutar makarantar da take aiki ta yi ƙara ta fitar da hayaƙi. Ɗalibai ɗari biyu da sha uku ke jiran a shigar da sunayensu rajistar jarrabawar ƙarshe, kuma ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe. Wanda bai shiga ba, shekararsa ta tafi. Hedimasta ya ce ta je ta sayo sabuwa, babba, irin wadda ta ƙone. Da yamma tana ba Inna, matar Baba, labari a tsakar gida, sai muryarsa ta fito daga ɗaki, siririya amma a tsaye.

"Gobe da safe a kira mana tasi."

Inna ta yi faɗa, ta yi roƙo, har da ƙwalla. Ya ce mata, "Wata huɗu ina kwance ina kallon rufin ɗaki, na haddace shi. Bar ni in je in kalli wani abu."

Yanzu ga shi a kan kujerar mai shago, an ɗora masa 'yar kwamfutar a cinya. Girmanta bai wuce akwatin sabulu biyu a haɗe ba. Ya juya bayanta, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"'Yar nan, matso. Wannan na allo, wannan na firinta, wannan na kibod, wannan na wayar intanet. Saura biyu. Duk wadda za ki saya, ki tabbata ta bar miki saura." Ya ɗago ya dubi mai shago. "Ƙwaƙwalwarta nawa?"

"Takwas."

"Ana ƙara mata?"

Mai shagon ya sosa ƙeya. Baba ya zura hannu a aljihu ya zaro ɗan sukudireba mai jan kai. Hannunsa na rawa har ya kai kan kusar, yana taɓa ta sai rawar ta tsaya cak. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Liƙe ta suka yi da dalma. Ranar da ta gaji, sai dai ki jefar. Kawo 'yar'uwarta."

Ta biyu ya sa aka kunna, ya kara kunnensa a jikinta, ya rufe ido. "Fankarta na kuka tun tana sabuwa. Mayar." Ta ukun ce ya daɗe a kanta. Ya buɗe, ya nuna wa Sakatariya gurbi guda da babu komai a ciki. Ya sa aka kunna, ya saurara, ya karanta ɗan rubutun da ke jikin cajarta, ya tambayi Sakatariya girman batirin ajiyar wuta da ke ofis. Da ta faɗa, ya yi lissafi da leɓɓansa, ya yi murmushi.

"Wannan ita ce. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila biyu ba. A ƙara mata ƙwaƙwalwa yanzu, a gabana."

Mai shagon ya yi aikin yana satar kallonsa. Da ya gama ya ce, "Baba, don Allah a ina ka yi karatu?"

"A cikin kayan mutane da suka lalace."

Suka kama hanyar komawa. Kansa na jingine da gilashin mota, numfashinsa na fita da ƙyar. Direban da wani maƙwabci ne suka ɗauke shi cak suka kai shi gado.

Da Hedimasta ya ga abin da ta fitar daga jakarta, sai da ya cire tabarau ya goge.

"Ina kwamfutar?"

"Ga ta nan, ranka ya daɗe."

"Wannan? Na aike ki sayen kwamfuta, kin sayo mini mazubin goro?" Ya ɗaga ta da yatsu uku. "Idan iyayen yara suka shigo suka ga wannan a tebur, me za su ɗauke mu? Ki sani, in Alhamis ta yi yaran nan ba su shiga ba, ni da ke za mu tsaya a gaban iyayensu, kuma ke za ki yi bayani."

"Na yarda," ta ce.

Ta ɗaure ta a bayan allo, kamar yadda Baba ya koya mata. Karo na farko a shekara tara teburinta ya samu fili, har ta baza fom-fom ɗin ɗalibai aji-aji. Ta yi ta bugawa ranar Talata, ta yi ta bugawa ranar Laraba, suna, ranar haihuwa, darussa, hoto. Duk yamma in ta koma sai ta leƙa ɗakin Baba, shi kuma tambayarsa ɗaya ce.

"Saura nawa?"

"Ɗari da arba'in." Washegari ta ce, "Sittin da biyu."

Ranar Alhamis ƙarfe goma na safe aka ɗauke wuta. Masinja ya ja janareto har kafaɗarsa ta ƙage, ya ƙi tashi. Hedimasta ya faɗo ofis gumi na tsatsafo masa, domin ya san tsohuwar kwamfutar ba ta taɓa wuce minti ashirin a kan batirin nan ba. Ya tarar da Sakatariya tana bugawa abinta.

"Ba ta mutu ba?"

"Ba ta ma san an ɗauke ba."

Ya tsaya minti ashirin yana kallon agogo. Ya ƙara ashirin. Daga nan ya jawo kujera, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki fom na sama.

"Ni in karanto, ke ki buga. Zai fi sauri."

Ƙarfe uku saura kwata sunan ƙarshe ya shiga, allo ya nuna an karɓa. Hedimasta ya miƙe ya leƙa bayan allon, ya daɗe yana kallon abar. A waje ɗalibai sun ji labari, ihunsu ya cika harabar makaranta.

"Wa ya zaɓa miki ita?"

"Maƙwabcina."

"Ki ce masa na janye maganar mazubin goro."

Ba ta jira tashi ba. Ta sauka a bakin layi da gudu-gudu, takalmi ɗaya na neman fita. Inna na zaune a gefen gado tana jiƙa masa leɓe da auduga. Tun safe bai yi magana ba. Sakatariya ta durƙusa daidai kunnensa.

"Baba, ni ce."

Idonsa ya buɗe kaɗan. "Saura nawa?"

"Babu saura. Duk sun shiga. An ɗauke wuta tun ƙarfe goma, Baba, kusan awa biyar tana aiki a kan batir. Hedimasta da kansa ya zauna yana karanto mini sunaye. Ya ce in gaya maka ya janye maganarsa."

Ƙirjinsa ya motsa sau biyu. Sai da suka ga haƙoransa suka gane dariya yake yi.

"Kin ji ko?" ya ce wa Inna. "Da kin hana ni fita."

"Na ji. Ka yi nasara, sai ka bar ni in huta da gori."

Ya nemi ruwa, ya sha cokali uku, abin da bai yi ba tun jiya. Ya sa Sakatariya ta maimaita masa labarin daga farko, da yadda janareto ya ƙi tashi, da yadda Hedimasta ya naɗe hannun riga. A karo na biyu ne, tana tsakiyar bayani, Inna ta dafa mata gwiwa. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba. Fuskarsa a sake take, kamar wanda ya kammala gyara ya mayar da murfi.

Jama'ar da ta raka shi makabarta ta ba kowa mamaki. Ban da mutanen layi, ga malamai, ga iyayen yara, ga ɗaliban ajin ƙarshe cikin kayan makaranta, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, ranar da Inna ta fara fita, makarantar ta nufa. Ta yi sallama a ƙofar ofis, ta ƙi zama.

"Nuna mini abar kawai."

Sakatariya ta juya allon. Inna ta sunkuya ta ƙare mata kallo, sannan ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Ashe ɗumi gare ta," ta ce.

Aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka watso fili da hayaniya. Inna ba ta ɗauke hannunta ba.