Ƙofar da Ta Cinye Mini Awo

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma shekara hamsin da biyu ke nan ina kafinta. Gobara ta taɓa lashe shagona, zarto ya tafi da rabin yatsana, ga ni nan daram. Awo kuwa a kaina nake ajiye shi. In auna taga a gidan mutum, in tako har shago ina gaisawa da jama'a, in yanka katako ya zauna cif.

Abin ya faro ne ran da mai shagon magani ya tare ni a gaban mutane yana dariya, ya ce ƙofar da na sa masa tana jan ƙasa, wai ko ido ne ya fara sallama da ni. Sai da na bar wurin amsoshi suka dinga zuwa mini. Ina tafiya ina ba shi amsa, ina cin abinci ina ba shi amsa. In na gama sai in koma farko da wata wadda ta fi zafi.

A satin ne wata malamar makaranta ta kira ni in yi mata kantar littattafai. Na auna bangon, na fito da lamba a kai. Kafin in sha kwana, mai magani ya faɗo mini a rai, muka ci gaba da rigimarmu. Da na isa shago ƙafa huɗu na nan, incin ya gudu. Na yanka da ka, katako ya gaza. Na koma na sake aunawa, na sake ɓata wani.

Babban ɗana da muke aiki tare, magidanci da furfurarsa, ya ɗauke zartona ya rataye can sama. Cikin ladabi ya ce in riƙa zama ina karɓar baƙi, shi zai riƙa yanka. Ni, a kujera, kamar mai gadi.

Uwargidana ce ta gano kan abin, don ta sha jin ina magana ni kaɗai a tsakar gida.

"Maigida, ba tsufa ba ne," ta ce. "Kan nan naka ɗaki ɗaya ne, ka sauke mai magani a ciki har da kayansa. A ina awo zai zauna?"

Washegari na ɗauki kayan aiki na tafi in ƙaryata mutumin a gaban ƙofarsa. To, tana jan ƙasa. Ruwan sama ne ya kumbura katakon, ba hannuna ba, kowa ya sani. Na cire ta, na rage ƙasan, na mayar. Shi kuwa cewa ya yi ya ma manta ya faɗa, har kujera ya ba ni.

Daga nan na wuce gidan malamar na auna. A hanya na gaisa da mutum bakwai, kai shiru, ba mai yi mini musu. Ina shiga shago na ce wa ɗana ya sauko mini da zartona.

"Baba, nawa ne awon?"

"Ƙafa huɗu, inci bakwai da rabi."

Ya zaro wata takarda daga aljihu. Ashe ya je ya auna a ɓoye. Ya duba ta, ya dube ni, ya jawo benci ya hau.