Ranar da Baba Amma Ya Yarda

Ƙusa ce ta jawo komai. Wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ƙarƙashin teburin aikinsa, ta huda silifas ta shige masa tafin ƙafa. Da a gida abin ya faru, da ba a kai ga haka ba, don mutanen gida sun san yadda ake bi da shi. To a layin kafintoci ne, kuma maƙwabtan shagonsa, bayin Allah, suka taru a kansa baki ɗaya: "Maza asibiti, kai da kake da ciwon suga!" Shi ke nan sun ɓata lamarin. Ya zare ƙusar, ya ɗaure wurin da tsumma, ya ɗauki zartonsa ya ci gaba da yanka katako.

Baba Amma ake ce masa, har jikokinsa. Ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa bai ce "amma" ba. In unguwa na kukan zafi, shi sanyi yake ji. In kowa ya yaba sabon titi, shi ya riga ya hango inda zai fara fashewa. Ba mugu ba ne, kyauta kuwa har ta yi masa yawa. Kawai dai in ya ga bakin mutane ya zo ɗaya, sai jikinsa ya kama ƙaiƙayi.

Matarsa, Inna, tun tana amarya ta gano maganinsa. In tana son a gyara rufin ɗaki, sai ta ce ai rufin nan zai kai baɗi lafiya lau. Washegari za a ji shi a sama da guduma. 'Ya'ya suka taso suka tarar, suka ɗauka, har suna suka sa wa abin: juyi. "A yi wa Baba juyi." Da juyi aka sa shi ya daina taba, da juyi yake shan maganinsa.

Ƙafar ta yi ta ruɓewa har ta kayar da shi. Yau ga iyalin a barandar asibiti, likita na yi musu bayani tana kallon Auta, ƙaramar 'yarsa, malamar makaranta, don ita ce ke tambaya.

"Yatsu biyu sun riga sun mutu. In an cire su yau, ƙafar ta tsira. In an bari, abin hawa yake yi. Gobe maganar gwiwa za mu yi, jibi ban san me zan ce muku ba. Amma da hankalinsa, sai ya amince da bakinsa. Kafin in shiga ɗakin tiyata da rana nake son amsa."

Tana ba da baya Baffa, ƙanen Baban, ya gyara hula. "To, kowa ya san aikinsa. Ni zan zagi likitoci. Ke Inna ki ce a koma gida a yi na gargajiya. Kai kuma," ya nuna Yaya, babban ɗan, "ka ce ba za a taɓa ƙafar ubanka kana raye ba."

"Baffa, wannan fa ba rufin ɗaki ba ne," in ji Auta.

"Shi ya sa. Kika kuskura kika ce a yi, wallahi gara ya mutu da ƙafarsa. Ba ki san ubanki ba?"

Ta san shi. Ta bi bayansu zuwa ɗakin da aka kwantar da shi.

Baba na kwance kusa da taga, an ɗora ƙafar a kan filo an rufe da farin ƙyalle, amma ƙyallen bai hana warin fita ba. Ya rame. Hannuwan nan da ke ɗaga ƙyaure su kaɗai suna kwance a kan bargo ba abin da suke yi.

Baffa ya fara, kuma ya iya. Ya ce likitocin yanzu ba abin da suka sani sai wuƙa. Yaya ya buga ƙirji. Inna ta ce a gida ma ana warkewa, idonta a kan ledar ƙarin ruwan da ke ɗiga. Auta ma ta sa baki, ta ce a bari a gani. Sai duk suka zuba masa ido suna jiran ya ce "amma".

Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To," ya ce. "Na yarda. Ku kai ni gida."

Ba wanda ya motsa. Baffa ya yi tari, ya ƙara wuta: ai kowa ma haka ya ce, duk layin kafintoci, duk unguwa, kowa da kowa ya ce kada a yanka.

"Sun yi gaskiya," in ji Baba.

"Malam..." in ji Inna.

"Tsoro nake ji," ya ce da ita a hankali, kamar su biyu ne a ɗakin. "Tun da likitar nan ta buɗe ƙafar nake jin tsoro. Na ce yanzu za ku shigo ku taru a kaina ku ce a yanka. Sai ga shi abin da ke raina shi ne a bakinku. Shekara da shekaru ina ja da ku, na gaji. Ashe akwai daɗi mutum ya ji yana tare da iyalinsa." Ya yi ɗan murmushi. "Ina silifas ɗina?"

Wata nas ta leƙo ta ce likita na tambaya, ta wuce. Yaya ya sunkuya yana laluben silifas a ƙarƙashin gado, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba. Auta ta ji kamar ta kurma ihu. In ta ce a yi, ta yiwu tsohon halin ya tashi ya kafe. In ta yi shiru, da hannunsu za su ɗauke shi su kai shi gida ƙafar ta cinye shi. Baffa ya harare ta yana girgiza kai.

Ta durƙusa a bakin gadon.

"Baba, ƙarya muke yi."

"Ke!" in ji Baffa.

"Dukkanmu so muke a yi aikin. Yau, yanzu. Mun ce kada a yi ne don ka ce a yi. Haka muke yi maka kullum. Tun kafin a haife ni."

Ya daɗe yana kallonta. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi.

"Tabar da na bari?"

"E, Baba."

"Rufin ɗaki? Shagon da na ƙi sayarwa?"

Inna ta rufe fuska da mayafi.

"Karatunki fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Da uwarki da Baffanki suka ce ki zauna ki koyi ɗinki, ni kaɗai na tsaya na ce sai kin yi?"

Wannan labarin ba baƙon da ya taɓa zama a shagonsa bai ji shi ba. Da shi yake gabatar da ita: ga malamar da na yi faɗa da gida guda a kanta. Auta ta so ta ce masa wannan kam nasa ne, ƙarya ɗaya tak ta ƙarshe. Ta kasa.

"Inna ce ta fara kai takarduna makarantar," ta ce, hawaye na zuba. "Amma kai ka yi ta aiki har na gama, Baba. Wannan ba wanda ya juya ka."

Ya mai da kansa wajen taga, inda wata mata ke shanya zannuwan gado. Nas ta sake leƙowa, wannan karon ba ta tafi ba.

"Malam, me zan ce wa likita?"

Idon kowa ya koma kansa.

"Ki ce ta zo ta yanka," ya ce, bai juyo ba.

Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya zauna daɓas a ƙasa, silifas a hannu. Baffa ya shiga hamdala. Aka kawo gadon turawa, ma'aikata suka ɗaga shi suka ɗora, iyalin suka bi shi a baranda. Auta ta kama hannunsa. Bai janye ba, bai kuma riƙe nata ba.

A bakin ɗakin tiyata aka tsaya buɗe ƙofa. Inna ta sunkuya kansa, ta gyara masa bargo, ta ce da dukkan zuciyarta, "Lafiya lau za ka fito, Malam. Ina nan ina jiranka."

Ya ɗago ido ya binciki fuskar matar da ya tsufa tare da ita, kamar yau ya fara ganinta.

"Wannan wanne ne?" ya ce. "Na gaskiya, ko na juya ni?"

Inna ta buɗe baki. Kafin ta sami abin faɗa, an tura gadon, ƙofar ta rufe.