Ƙwayar Asuba

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki Hajiya Binta ta fita takaba. Ɗanta tilo, Mu'azu, ya bi wani sabon ɗan majalisa Abuja, gidanta na Tarauni ya rage daga ita sai rediyo.

Tun da aka yi mata aikin maƙoƙo likita ya ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya da za ta sha iya rayuwarta. Daga baya aka ƙara mata ta kalsiyam don ƙarfin ƙashi, ga kuma farin maganin ƙwannafi. Mijinta Malam Shehu ne ke riƙe da su. Shi ke miƙo mata kowanne a lokacinsa, ita dai nata buɗe hannu. Da ya rasu sai ta riƙa haɗa su gaba ɗaya da safe, ta kora da kindirmo, ta huta.

Sannu a hankali jikinta ya yi nauyi. Ana zafi tana jin sanyi, fuska ta kumbura, ko tsintsiya ta ɗauka sai haki. Maƙwabta suka ce kewa ce, a yi ta addu'a. Ita ma ta yarda.

Ranar ganin likita ta lallaɓa asibitin da ke Gyadi-Gyadi. Likitar, wata matashiya mai suna Firdausi, ta duba sakamakon jini ta ɗago.

"Hajiya, kina shan ƙwayar maƙoƙon kuwa?"

"Kullum, 'yar nan. Ban taɓa fashi ba."

"Yaya kike sha?"

Ta faɗa mata. Likita ta ajiye biro.

"Ai kalsiyam da maganin ƙwannafi riƙe ta suke a ciki, su hana ta shiga jini. Nonon ma haka. Ki sha ta ita kaɗai da asuba, da ruwa zalla. Sauran sai bayan azahar. Da can ma haka kike haɗawa?"

Hajiya ta tuna Malam tsaye a kanta da kofin ruwa kafin ya fita masallaci, tana mitar ya hana ta barci.

"Da can ba ni ke rabawa ba," ta ce.

Kafin damina ta ƙare kumburin ya sace, ƙarfi ya dawo. Ta share tsakar gida, ta wanke labule, ta ga har yanzu rana ba ta yi tsaka ba. Sai ta yafa mayafi ta taka zuwa wani shagon buga waya, don ta yi wa Mu'azu albishir. Wata murya ta ce yana taro, a sake kira.

Ɗan acaɓa ya tsaya mata a bakin titi. Ta ce ya je kawai. Ba wanda ke jiranta a gida, ƙafafun kuma sun yarda, sai ta bi doguwar hanya.