Ƙofar da Aka Auna da Hannun Mak Esah

Taurin kai cuta ne, kuma mai shi ne ƙarshen sani. Pak Leman magini ya kamu da shi tun yana saurayi.

Shekarar da hukumar garinmu ta ba shi aikin gidan 'yan kwana-kwana, ya zuba jan bulo da farin ratsi, ya ta da hasumiya ta hango hayaƙi da shanya tiyo. Saura babbar ƙofa, wadda keken famfon ruwa zai riƙa fita ta cikinta. A al'adarmu gida ba ya albarka sai an auna shi da hannun uwargida, ta buɗe hannuwa a ɗauki gaba. To gidan kwana-kwana ba shi da uwargida. Sai Pak Leman ya kawo tasa, Mak Esah, wadda sai ta taka kujera take sauke tukunya daga kanta.

Saje Dolah, shugaban 'yan kwana-kwana, ya ce, "Pak, keken za ka auna, ba Mak Esah ba. Ita za mu ɗaura wa dawaki?"

"Gida arba'in na gina da hannun nan, ko ɗaya bai faɗi ba. Kai me ka taɓa ginawa ban da tumbi?"

Mak Esah ta ce wa mijinta, "Abang, bari in ɗan yi ɗage, ko a samu ƙari."

"Ɗage tsawo yake ƙarawa, ba faɗi ba. Tsaya yadda Allah ya yi ki."

Keken ya iso ta jirgin ruwa cikin akwatuna, aka shigar da su ɗaya-ɗaya, aka harhaɗa shi a ciki. Wata biyu ana goge tagullarsa, ba wanda ya gwada fito da shi.

Ran wata Talata da hantsi, Mak Esah ta bar ayaba a cikin mai ta tafi gulma. Mai gadin hasumiya ya hango hayaƙi, ya buga ƙararrawa. Pak Leman na shan gahawa a tsallaken titi, yana nuna wa mutane bakan ƙofarsa. Dawaki biyu suka fito a guje, keken ya cije a ƙofa, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Saje Dolah ya ce, "Taƙi ɗaya ya rage. Mu fasa, Pak?"

"Wanda ya taɓa min bulo, sai kotu. Ku shafa wa ƙafafun man kwakwa. Wai gidan wane sakarai ne ma yake ci?"

Mai gadi ya leƙo daga sama. "Naka ne, Pak."

Da hannunsa ya karɓi guduma. Da yake aikinsa mai ƙarko ne, sai azahar bulon ya saki.

Abin da ya rasa ke nan: gida ɗaya, rumbun shinkafa, kwale-kwalen da ke ƙarƙashin gidan, kaji goma sha ɗaya, bakan ƙofa, da rabin gashin baki.