Bidiyon Talotalo

Malam Sada na Kaikai ya lallaɓa ya goge bidiyon da talotalo ya fafare shi a kasuwar Kankiya daga kwamfutar ɗiyarsa Rauda. Can sai ya ji gida ya kaure da dariya, ashe ta dawo da shi.

"Baba, gogewa kawai ba ta isa," in ji Rauda. "Sai an rubuta wani abu bisa gurbinsa."

Tana fita, Malam ya ɗauko tawada da alƙalami, ya cika fuskar kwamfutar da rubutu.

Rauda ta yi dariya har da hawaye, sannan ta sa manhajar da ke cike gurbin da lambobi barkatai. Bidiyon ya tafi har abada. Tawadar kuwa, wuni Malam ya yi yana gogewa da bakin rawaninsa.