'Yan Tsaki a Kujerar Baya

Sun yi nisa da gari kafin Auta ta lura cewa lambar da ke gaban sitiyari ta fi motar sauri. Da suka ɗauko 'yan tsakin daga wurin mai ƙyanƙyasa, motar, mai aiki da batiri, ta nuna cajinta zai kai kilomita casa'in, gonar Yaya kuwa sittin ce. Ga shi ko rabin hanya ba su yi ba, lambar ta dawo arba'in.

"Yaya, motarki ƙarya take yi."

Yaya na kujerar baya a tsakiyar kwalaye, hannunta naɗe da bandeji saboda ƙunar ruwan zafi, shi ya sa yau aka ba Auta tuƙi. Ta leƙo ta kafaɗar ƙanwarta.

"Ba ƙarya ba ce, da tuƙina take lissafi. Ni ta sani. Ke kuwa tun da muka fito kike taka ta kamar an biyo ki."

"Ashe da tuƙin 'yan koyo ta saba."

"Na ji. Ɗaga ƙafa."

Auta ta rage gudu. Kukan 'yan tsaki ya cika motar. Saboda su ne Yaya ta ajiye aikin ofis, ta share tsohon ɗakin kaji da hannunta, mijinta yana tsaye yana cewa ba za ta iya ba. In suka mutu a hanya, Auta ta san da bakin da zai tare su.

"Akwai abin da ban gaya miki ba," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Bakanike ya auna batirin. Ya ce ya tsufa, abin da yake riƙewa bai kai na da ba. Kuma in ya yi ƙasa sosai kada in yarda da lambar, lokaci ɗaya take zubewa."

"Sai yanzu za ki faɗa?"

"Da na faɗa da kin ƙi zuwa."

Auta ba ta musa ba. Ta dubi hanya: babu wurin caji, babu ko inuwar kirki, sai rana da kwalta, ga doguwar hawa tana jiran su kafin gonar. Ta dubi maɓallin esi. Shi ma daga batirin yake ci.

"Zan kashe sanyin."

"Za su dahu."

"In muka tsaya a nan ma dahuwa za su yi, Yaya, har da mu."

Ta kashe, ta sauke gilasai. Iskar da ta shigo kamar daga bakin murhu. Yaya ta buɗe murafun kwalayen da hannu ɗaya, ta cire mayafinta tana yi musu fifita. Manyan motoci na wuce su da ham, wani direba ya leƙo yana tambaya ko turi suke so. Auta ko kallonsa ba ta yi ba.

A tsakiyar hawan kukan ya fara raguwa. Wannan shirun ya fi lambar tayar mata da hankali.

"Yaya?"

"Bakinsu a buɗe, haki suke. Ki dai tafi."

Lambar ta faɗo daga sha biyu zuwa biyar ba tare da ta bi ta tsakiya ba. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, motar ta yi nauyi, ko an taka ba ta amsawa. Auta ta manne ƙirjinta da sitiyari kamar hakan zai rage mata kaya. Ba ta san tana magana ba sai da ta ji muryarta tana lallashin mota, haba 'yar gari, kaɗan ya rage.

Da ƙyar suka kai ƙololuwa. A gangara ta sake ƙafa, motar ta riƙa jan kanta tana mayar da ɗan caji cikin batiri. Biyar ta zama shida. Auta ta ɗaga gilasai ta kunna esi, duk da ta san abin da za ta biya.

"Kin haukace?"

"Mu muna da ƙafa. Su ba su da wata dabara."

Motar ta mutu ana hango rufin ɗakin kajin. Auta ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta ɗora kwali biyu a ka, ta rungumi ɗaya, ta kama gudu a kan ƙasa mai zafi. Yaya na binta da na ƙarshe a hammata.

A inuwar ɗakin suka durƙusa. Na kwalin ƙasa wasu sun riga sun miƙe ƙafa. Yaya ta ware su gefe. Sauran ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana tsoma musu baki a ruwa, Auta na miƙo mata. Can wani ya girgiza kai ya yi kuka, na kusa da shi ya amsa.

"Miƙo na gaba," in ji Yaya. "A hankali, ba mota ba ce."