Ruwa Ya Bi Titi

Ni da Jilani tare muka tashi a gindin dutsen nan, kuma ban taɓa jin bakinsa ya ce ya yi kuskure ba. Gonarsa tana ƙasan fegin da aka yanka domin sabuwar kasuwa. Zaitun ne a cikinta, tsofaffi, dashen kakansa. Mu nan ba mu da kogi. In Allah ya saukar da ruwa, sai ya gangaro daga fegin ya faɗa gonar, jingar ƙasa ta tare shi, ya kwanta ya nutse. Abin da itatuwan ke sha ke nan har wata shekara. Shi ya sa da an fara yayyafi kowane magidanci zai ɗauki shebur ya tsaya a kan jingarsa, kada ta ɓalle.

Injiniyar da aka ba zanen titin kasuwar da magudanar ruwanta Widad ce, 'yar ƙanwar Jilani. Ta same mu da la'asar muna shan shayi da gyaɗa a ƙarƙashin babban zaitun. Ta gaishe mu, ta tsuguna, ta ja layi biyu a ƙasa da tsinke.

"Kawu, hanya biyu ce," in ji ta. "In titi ya bi ta nan, zai ci gefen gonarka, itace huɗu za su tafi. Amma magudana gefen titi take bi, sai in buɗe bakinta cikin gonarka. Ruwan rufin shaguna da na kwalta duk naka ne, har ya fi na da."

"In ya bi ta can fa?"

"Ko ganye ba mai taɓa maka. Sai dai ruwan zai bi titin ya faɗa kwarin gabas. Ba ni da dabarar da za ta sa ya hau tudu ya dawo."

Jilani ya kwashe da dariya. "Ji 'yar nan! Jiya-jiya nake share miki majina, yau ke ce mai rabon ruwan sama?"

Na ce, "Jilani, ka saurari yarinyar nan. Huɗu ta ce, ba duka ba."

"Kai Mabruk, mai noman duwatsu, wa ya sa da kai? Babban nan da kake shan inuwarsa a banza yana cikin huɗun. A gindinsa aka raɗa mini suna. Ruwa kuwa tun kafin a haifi uwarta ya san ƙofar gonata."

"Kawu, ruwa bai san kowa ba. Gangare yake bi."

"To ki bi gangaren ki koma ofis."

Sau uku tana dawowa. Har uwarta ta turo. Shi kuwa ya sa farar alkyabbarsa ya yi ta sintiri a ofishin hukumar gari, ya tara dattawa, ya ce ana son a yanka gadon kakanni saboda masu sayar da taya. Ranar da masu awo suka zo kafa turaku, ya shimfiɗa tabarma a kan layin ya zauna. Daga ƙarshe aka bar masa. Titi ya koma gabas. Ya yanka rago, aka yi kuskus, ya yi ta yi mini ba'a. Widad ta zo, ta ci loma biyu, ta tafi.

Yarinyar ta iya aikinta, wannan ba na ɓoyewa. Ruwan farko bayan an buɗe kasuwa, kamar da bakin ƙwarya aka yi shi, amma ko buhu ɗaya bai jiƙe a shago ba. Mutane suna ta sa mata albarka. Ni na gangara gonar Jilani. Na same shi tsaye a kan jinga da sheburinsa, ya naɗe wando, yana duban fegin. Muna jin rurin ruwa a kwalbati can gabas. Abin da ya iso gonar bai kai a jiƙa idon sawu ba. Ya tsaya har aka ɗauke.

Zaitun ba ya mutuwa da sauri. Da fari 'ya'yan suka ƙanƙance, sannan rassan sama suka bushe. Ya sayi ruwan tanka har ya gaji, ƙasar ta shanye kamar ba a zuba ba. Babban, wanda aka yi rigimar dominsa, shi ya fara tafiya.

Bara Widad ta zo gaishe shi da Sallah, ina zaune. Ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wannan magudanar taki, ba a juya ta?"

"An gina shaguna a kanta, Kawu."

"To," in ji shi. Ya tura mata gyaɗa.

Masu gawayi sun sare rabin gonar a bana. Shekaranjiya hadari ya haɗu, na hango shi daga ƙofata, ya saɓa shebur yana gangarawa a hankali. Na ɗauki nawa na bi shi, don kada ya tsaya shi kaɗai.